Ranar da Aka Hana Gaisuwa a Oba-Oba

Wani ɗan kuka ne siriri, kamar na tsakon da ya ɓace wa uwarsa, yake biyo ƙarshen kowace magana. Adawiyya tana kakkaɓe lemarta a bakin ƙofar ofis ta ji shi, ta ci gaba da abin da take yi. Sai da ya sake fitowa a bayan maganar wani direba sannan ta tsaya cak, lemar tana ɗiga a kan takalminta.

Ta san kukan. Mutumin da ya zo daga Kaduna ya kafa musu kayan ya taɓa faɗa mata cewa duk ranar da ta ji shi, to batirin Uwa ne ya yi ƙasa.

Uwa ita ce na'urar da aka ɗora a kan dutse a bayan gari, da farantan sola da batura. Tun da aka yanke layukan waya a yankin Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, kwamitin tsaro na unguwanni ya sayo oba-oba, wato rediyon hannu na magana, ya rarraba wa 'yan sa-kai da direbobi da ɗakunan shan magani, da mutum ɗaya ɗaya a ƙauyukan bakin daji. Oba-oba ita kaɗai ba ta da nisan murya. Uwa ce ke ɗaukar maganar kowa ta watsa wa kowa. Layi ɗaya ne tak, kamar ƙofar zaure: in wani ya danna ya fara magana sai sauran su jira, in kuwa biyu suka danna tare, ba a jin ko ɗaya, sai gurnani.

Marka ake yi. Rana ta daɗe ba ta leƙo ba, sola bai sami abin sha ba, kuma kowace kalma da aka furta a layin daga jikin batirin nan ake yankar ta. Ga shi ranar kasuwa ce. Ayarin motoci zai taso daga ƙauyukan Gayam da rakiyar 'yan sa-kai, ya ratso ta gefen daji zuwa gari. Ayari ɗaya ake yi da safe. In ya wuce, babu motar da za ta sake bin hanyar sai yamma, babur kuwa an hana hawansa.

A daidai wannan lokaci, a wani ƙaramin ƙauye da ake kira Rafin Ɗorawa, wata dattijuwa mai suna Mama Helen tana zaune a dandaryar ƙasa, an ɗaure mata dantse da tsumma. Ta fita bayan gida da sassafe tsinko kuɓewa, gamsheƙa ta sare ta a wuyan hannu. Mijinta, Baba Philemon, ya ɗauki oba-obar ƙauyen ya nufi surin da yake hawa in zai yi magana, don nan ne kaɗai murya ke fita. Adawiyya ba ta san da wannan ba tukuna. Ita dai ta jingine lemarta, ta ja kujera, ta zauna gaban babbar oba-obar ofis.

Ta gama jami'a a Zariya ta dawo gida tana jiran aiki, sai aka ce ga aikin taimako, tun da muryarta tana fita tar kuma ba ta da hayaniya. Aikin ya yi mata daidai. Ita da ba ta iya kallon idon baƙo ta yi magana, a bayan na'ura bakinta yana buɗewa. Abu ɗaya ne ya gagare ta: katse babba. Mai unguwa zai hau layi ya yi ta ba da labarin akuyarsa da ta ɓata, ita kuwa sai ta riƙe abin maganar tana jiran ya kai aya.

Baba Philemon tsohon mai gadin daji ne a Kamuku, ya ajiye aiki ya koma gona. Shi da Adawiyya ba su taɓa haɗuwa ba, amma ya mai da ita 'ya. Kullum safe sai ya gaishe ta tsaf, ya tambayi kwananta, da gajiya, da mahaifanta, da mutanen gari, kowace tambaya da tata "oba", yana jiran amsa. Wani lokaci a jiyo Mama Helen daga ƙasan surin tana ɗaga murya, "Ka tambaye ta ƙafar uwarta, ta yi sauƙi?" Sai an gama wannan duka, in akwai wani labari, zai yi gyaran murya ya ce, "Sai dai..." Ko ranar da ya ga baƙin babura sun ratsa ta bayan gonarsa, sai da ya ji lafiyar kowa sannan ya faɗa. Direbobi suka sa masa suna Baba Sai-Dai. Duk mai riƙe da oba-oba a yankin ya san cewa maganar tsohon nan a wutsiya take. Adawiyya ta fi kowa sani.

Layin ya cika tun kafin ayari ya taso.

"Sadisu, akwalar taka ta tashi, ko mu aiko yara su tura? Oba."

"Kai dai ji da taka, wadda in za ta tsaya sai an jefa mata dutse a taya. Oba."

"A tambaya mini nawa aka buɗe masara yau..."

"Wane ne wannan ya danne layi? Malam, ɗaga yatsanka!"

Bayan kowace magana, tsakon nan ya yi kuka.

Alhaji Bature, shugaban kwamitin, ya shigo yana tattare babbar rigarsa daga taɓo. Mutum ne mai kirki da saurin fushi, irin wanda zai yi maka faɗa ya kuma saya maka abincin rana. Ya saurara kaɗan, ya dube ta.

"Malama, kina jin abin da nake ji?"

"Ina ji, Alhaji."

"To kika zuba musu ido? In Uwa ta mutu ayari yana tsakiyar daji, wa za a kama? Ke ce mai layi. Digirin naki na ado ne?"

Ya karɓi abin maganar daga hannunta, ya yi sallama, ya gabatar da kansa ga mutanen da suka san shi tun yana yaro, sannan ya yi musu dogon jawabi a kan muhimmancin taƙaita magana. Ya kawo misali da abin da ya faru bara, ya kawo wani. Adawiyya tana kallon yatsansa a kan madannin, tana jin kamar jininta ake tsiyayewa. Da ya gama, kwamandan 'yan sa-kai ya hau ya yi godiya ga Alhaji, ya jaddada abin da Alhaji ya faɗa. Shi ma ta bar shi har ya gama.

Sai layi ya ɗan sarara, wata murya mai sanyi ta shigo.

"Gafara dai, masu gida. Rafin Ɗorawa ne. Oba."

"Muna ji, Baba. Lafiya dai? Oba."

"Lafiya lau, 'yata, mun gode Allah. Kin tashi lafiya? Ya ruwa? Oba."

Ta lura da abu ɗaya. Ya haɗa gaisuwa biyu a numfashi guda, abin da bai taɓa yi ba, kuma yana haki kamar wanda ya hau surin da gudu. Ta lura sarai, don ita mai lura ce. Amma tsakon ya yi kuka, Alhaji Bature ya tsare ta da ido yana kaɗa hannu kamar mai korar kaji, can kuma wani direba ya fara kutsowa. Wani abu ya taso mata, duk haushin da ta haɗiye tun safe. Inda fata ta fi taushi, nan ake mai da jima.

Ta danna. "Baba, yau babu gaisuwa. Batir zai mutu. Tun da lafiya, a sauka daga layi a ba masu aiki wuri. Oba."

Layin ya yi tsit, har ana jin ruwa a kan kwano.

"To, 'yata," in ji shi. Ko "oba" bai ce ba.

Dariyar Sadisu direba ce ta fasa shirun. "Kai! Yau an taka wa Baba Sai-Dai birki! Malama, ashe kina da baki?"

"Yauwa," in ji Alhaji Bature, yana gyara hula. "Haka ake aiki. Da tun farko haka kike yi, da ba mu sha wahala ba." Ya fita ya nufi kasuwa.

Gaskiyar magana, ta ji daɗi. Kunnuwanta sun yi zafi, amma ta ji kamar ta ƙara tsawo a kan kujerar. Ta ja layin da ƙarfi kamar mai jan linzami. Ta ce motar gaba da motar baya kaɗai za su yi magana, sai kwamanda. Ta hana tambayar farashi. Aka bi, ko da yake ba duka ba, don direba da shiru ba sa zama inuwa ɗaya. Ayari ya taso.

A tsakanin rahoton motar gaba da na motar baya, ta ji shi.

"Gafara dai..."

Wani ya danna a kansa, gurnani ya haɗiye sauran. Ta kai hannu, sai kwamanda ya shigo yana cewa an hango hayaƙi ta yamma, a dakata. Aka dakata, aka tura mutum ya duba, ashe masu gawayi ne. Aka ci gaba.

"Gafara dai, masu gida..."

Wannan karon babu wanda ya danne shi. Muryar ta tsaya ita kaɗai a layin, tana jira. Adawiyya ta ji ta tar. Ta ce a ranta, bari su ƙetare mashigin rafin nan tukuna, wurin da aka fi tare mutane, sai in kira shi da kaina in ba shi haƙuri, mu gaisa a tsanake. Kuma, in za a faɗi gaskiya, kunya ce ta hana ta. Yanzun nan aka yabe ta a gaban kowa. Ta yaya za ta koma tana "ruwa ya yi gyara, Baba"?

Ba ta amsa ba. Sadisu ya shigo.

"Motar baya. Mun wuce mararrabar Rafin Ɗorawa, hanya fes. Oba."

Suka ƙetare mashigin lafiya. Suka fito daga duhun itatuwa, suka hau kwalta. Da motar gaba ta ce ga rufin kwanon gari tana hange, Adawiyya ta jingina da kujera ta yi hamdala. Sadisu ya fara cewa wani abu a kan wanda zai saya masa shayi, maganar ta yanke a tsakiya. Ba kuka, ba gurnani. Uwa ta kwanta.

Akwai abin da aka shirya domin irin wannan rana, kuma ita ce ta tsara shi. In Uwa ta yi shiru, kowa ya juya zuwa layi na biyu, inda oba-oba ke magana da 'yar'uwarta kai tsaye. Murya ba ta nisa a nan, saboda haka waɗanda ke kan tudu su ne za su riƙa karɓar saƙo suna miƙawa gaba, baki zuwa baki, har ya iso gari. Ta juya maɓallin, ta zauna tana sauraren shuuu. Ta tuna da Baba, ta ce in Uwa ta farfaɗo shi za ta fara kira.

Hantsi ya wuce kafin wata murya ta ɓullo, can ƙasa-ƙasa, tana zuwa tana ɗaukewa.

"Ofis, ofis. Maliki ne daga kan dutse. Kina ji na? Oba."

Maliki ɗan sa-kai ne da aka ajiye a wani tsauni tsakanin gari da ƙauyukan.

"Ina ji, Maliki. Oba."

"Saƙo daga Rafin Ɗorawa. Abin ƙasa ya taɓa matar Baba Philemon. Gamsheƙa ce, an kashe ta an gani. Suna neman mota. Oba."

Ta miƙe tsaye ba ta sani ba. "Yaushe? Yanzu? Oba."

Shuuu ya ɗan yi tsawo.

"Tun da sassafe, Malama. Tun kafin ya kira ki. Ni ma yanzu na juyo layi na biyu na ji yana ta gafara dai shi kaɗai. Na amsa masa, muka gaisa, sannan ya faɗa mini. Oba."

Ta dubi abin maganar da ke hannunta. Baƙin roba ne, gefensa ya goge saboda yatsu.

"Ka ce su ɗora ta a amalanken shanu su fito da ita mararraba. Kada ta taka da ƙafarta. Zan nemo mota. Oba."

Direbobin duk sun kashe oba-obarsu sun bazu a kasuwa. Ba wanda za ta kira. Ta ɗauki ƙaramar oba-oba ta fita, ta manta da lema. Ita da takan zagaye ta bayan layi don kada ta ratsa tasha, yau ta kutsa tsakiyar maza tana tambaya, "Ina Sadisu? Don Allah wa ya ga Sadisu?" Wani ɗan kamasho ya ce, "A'a, yau amaryar oba-oba ce da kanta?" Ba ta ko waiwaye shi ba.

Ta same shi a rumfar mai shayi, ya tsoma burodi a kofi.

"Malama mai birki! Zauna a haɗa miki."

Ta faɗa masa. Burodin ya jiƙe ya gutsure ya faɗa cikin kofin, bai lura ba.

"Tun safe? Haba! Ai a mararrabar na tsaya, har na ɗauki buhun wani mutum. Da ya faɗa, shiga ɗaya zan yi in ɗauko ta, da yanzu tana gado ana mata allura. Me ya sa tsohon nan bai..." Ya tsaya. Ya dubi ƙasa. Ya ture kofin ya laluba makulli a aljihu.

Amma mota ba ta shiga hanyar nan ba rakiya, 'yan rakiyar kuwa sun watse, wani yana wajen aski, wani ya tafi sayen takalmin 'yarsa. Sai da aka nemo Alhaji Bature a layin 'yan hatsi. Ya fara da faɗa, wa zai ɗauki alhakin mota ɗaya tilo a daji, wa ya ce a yi kaza. Da ya ji ko matar wane ne, ya yi salati, ya shiga kasuwa da kansa yana kamo 'yan sa-kai da hannu ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan ya ci lokaci. Adawiyya tana tsaye cikin yayyafi tana jin kiran sallar azahar yana tashi daga masallacin tasha, lokacin da motar Sadisu ta fita da mutum huɗu a baya, bindigoginsu a rufe da leda.

Ta koma ofis ta riƙe igiyar saƙon. Daga Baba zuwa Maliki, daga Maliki zuwa gare ta, daga ita zuwa ɗakin jinya na asibiti don su shirya. Kowane labari kafin ya iso ya riga ya tsufa.

"Ya ce sun fito, shanun suna tafiya a hankali saboda taɓo. Oba."

"Ya ce idonta yana rufewa, tana ɗaga shi da yatsa. Oba."

"Ya ce sun iso mararraba. Ya ce magana ba ta fita sosai, miyau yana zuba. Oba."

Ta danna. "Maliki, ka ce masa..." Ta riƙe madannin, tana jin numfashinta yana fita a layin. Me za a aika ta bakin wani? Ta saki.

"Ban ji ƙarshen ba, Malama. Me zan ce masa? Oba."

"Ka ce mota ta taso. Oba."

Bayan la'asar gajimare ya tsage ta yamma, rana ta zubo a kan jiƙaƙƙen gari, kwanuka suna ƙyalli. Can a kan dutse farantan sola suka ɗan sha. Babbar oba-obar ofis, wadda ta mayar layi na ɗaya tana jira, ta yi tari sau ɗaya, Uwa ta farfaɗo. Muryar farko da ta ɗauka ta watsa wa duk wanda ya kunna, daga gari har bakin Kamuku, ta Sadisu ce, ba wasa a cikinta.

"Ofis, Sadisu ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mama ta cika. Muna hango gari ta cika. Za mu wuce asibiti da ita. Oba."

Babu wanda ya danna bayansa. Layin da aka yi ta kokawa a kansa tun safe ya zauna fayau, ba mai so.

Da Mustapha, mai karɓar ta aikin yamma, ya iso, ta miƙa masa kujerar ba ta yi masa bayani ba, shi ma bai tambaya ba. Ta kama hanyar asibiti a ƙafa. Tana tafe tana shirya abin da za ta ce. Za ta durƙusa ta ce, Baba, ni ce Adawiyya. Za ta ce, na ji ka, duka biyun na ji ka. Ta maimaita har kalmomin suka daina yi mata ma'ana.

A barandar asibitin ta tarar da mutane. Wasu mata 'yan coci da ke zaune a gari sun riga sun zo, sun zauna a tabarma suna kuka ƙasa-ƙasa. Alhaji Bature yana gefe da wata ma'aikaciyar jinya, tana ce masa sarar gamsheƙa sai Allah, wani ko da wuri aka kawo shi ba ya tashi. Adawiyya ta kama maganar nan da hannu biyu, ta riƙe ta ɗan lokaci. Sai ma'aikaciyar ta ƙara da cewa, "Amma da an kawo ta da safe, da mun gwada." Adawiyya ta saki.

Ba ta buƙaci a nuna mata Baba Philemon ba. Yana zaune a kan benci, ɗan gajeren tsoho, ya fi yadda ta zata ƙanƙanta. Wandonsa taɓo har gwiwa, takalmin roba a ƙafarsa, oba-obar tana rataye a wuyansa cikin ledar burodi don kada ruwa ya taɓa ta. Sadisu yana tsugune a gabansa, hula a hannu. Ta cire takalmi ta raɓa ta bayan matan, ta durƙusa a gefen tabarmar, kusa da ginshiƙi.

"Baba, ka yafe mini," Sadisu yake cewa. "Bakina ne, ba ya da linzami."

"Ba komai, ɗana. Kai da ka shiga daji saboda mu."

"Amma Baba, don Allah, me ya hana ka faɗa kawai? Ka danna ka yi ihu, maciji, maciji! Wa zai hana ka?"

Tsohon ya shafa kansa. Muryar nan ce dai, mai sanyi, sai dai yau babu shuuu a bayanta.

"Yarinyar ofis ta tambaye ni lafiya. Me zan ce mata? In watsa wa yarinya mugun labari da sassafe, ban ko ji yadda ta kwana ba? Ai na taƙaita. Helen ma tana ce mini, yi sauri, yi sauri. Na yi sauri. Daga baya na yi ta neman izini, ba a amsa ba. Na ce aiki ne ya yi musu yawa, rayuka ne a hanya. Mutum ba ya faɗawa gidan da ba a amsa masa ba."

Wata daga cikin matan ta ce, "Sannu, Baba. Ubangiji ya ba da haƙuri."

"Amin, amin. Kwananta ne ya ƙare." Ya juyo ga Sadisu, ya rage murya, amma Adawiyya tana kusa. "Abu ɗaya nake roƙo. In kun ga 'yata ta ofis, kada ku ce mata tun safe ne. Ku ce da rana abin ya faru. Ka gaya wa Maliki ma. Yarinya ce, za ta riƙe a ranta."

Sadisu ya ɗago zai amsa, idonsa ya faɗa a kanta. Ya mai da kansa ƙasa yana murza hular.

Baba Philemon ya bi inda ya kalla. Ya ga wata yarinya a jikin ginshiƙi, hijabinta a jiƙe, ruwan indararo yana ɗiga kusa da kafaɗarta. Ya dube ta da jajayen idanu, irin kallon da ake yi wa baƙuwar fuska.

"Sannu, yarinya. Ke ma naki ne ba lafiya? Matso ciki, ruwa yana zuba a kanki."

Ya ja jikinsa gefe, ya bar mata wuri a bencin.

Duk abin da ta shirya yana nan a bakinta. Ko "sannu" kaɗai ta ce, ya isa. Kullum safe yana jin muryar nan, ba zai ɓata ta ba. Zai ce, a'a, 'yata, ke ce? Zai tambayi kwananta da gajiyarta da ƙafar uwarta. Sannan zai dubi fuskarta ya gane cewa ta ji abin da ya roƙa a ɓoye mata.

Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwa, ta daɗe a haka. Wasu mutane suka shigo barandar da sallama, dattawan cocinsu ne, tsohon ya yunƙura ya miƙe don ya tarbe su. Adawiyya ta tashi a hankali, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta bi ta bayan ginshiƙin. Sai da ta kai bakin ƙofar asibitin sannan ta tsaya ta sa su.